Ku Tambayi Malamin Bayoloji: Daga Ina Bishiya Ke Samo Jikinta?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu na sababbin ɗaliban bayoloji ne, sai guda ɗaya ta wata uwa wadda tambayarta ta fi ta kowa nauyi, shi ya sa na bar ta ƙarshe don in ba ta wuri sosai. Na taƙaita tambayoyin da suka yi tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Masu turo mini aikin gida da aka ba su a makaranta don in amsa su kwafe, ku yi haƙuri, wannan fili ba na haka ba ne.

TAMBAYA: Malam, bana na fara bayoloji, kuma tuni kaina ya ɗau zafi. Sunaye ne birjik, kowanne da tsawo, in na haddace yau gobe ya gudu. Ta ina ya kamata mutum ya fara? Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata, haddar tana gudu ne domin kin riƙe suna ba ki riƙe aikin mai sunan ba. Ki ajiye jerin sunayen nan tukuna, ki fara da ƙwayar halitta. Duk wani abu mai rai, daga bakteriya har giwa, ko dai ƙwaya ɗaya ce tilo mai zaman kanta, ko kuwa tarin ƙwayoyi ne da suka raba aiki a tsakaninsu. Jikin babban mutum yana da kimanin tiriliyan 30, kuma mafi yawansu a ƙidaya jajayen ƙwayoyin jini ne.

Ba a daɗe da sanin haka ba. A 1665 ne Robert Hooke, mutumin Ingila, ya fere ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi siriri ƙwarai, ya duba da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ramuka jere reras. Bangon matattun ƙwayoyi ya gani, cikin ya riga ya bushe. Wanda ya fara ganin masu rai suna wutsil-wutsil shi ne Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar tufafi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ko jami'a bai taka ba, sai dai ya iya goge gilashi fiye da kowa a zamaninsa. A 1674 ya duba ɗigon ruwan tafki ya ga halittu suna iyo, a 1683 kuma ya kankaro dattin haƙoransa ya ga bakteriya. Duk da haka sai da aka yi shekara fiye da 150 kafin Jamusawa biyu su haɗa zancen wuri ɗaya: Matthias Schleiden a 1838 ya ce tsirrai duk ƙwayoyi ne, Theodor Schwann a 1839 ya ce dabbobi ma haka. A 1855 Rudolf Virchow ya yaɗa ƙa'idar da ta cike maganar, cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar ta fito.

To, duk sunan da malaminku ya rubuta a allo, ki tambayi kanki wace matsalar ƙwaya yake warwarewa. Ƙwaya tana bukatar abin da zai raba cikinta da waje, yana shigar da wani abu yana hana wani: aikin tantanin da ya lulluɓe ta ke nan. Tana bukatar umarnin yadda za ta gina kanta, wato DNA, wanda a jikin dabba da tsiro yake killace a cibiyar ƙwaya, a jikin bakteriya kuwa yana nan cikin ruwan ƙwayar ba shamaki. Masu karanta umarnin su harhaɗa furotin su ne ribosom. Ƙarfin yin duk wannan aiki kuma maitokondiriya ce ke tatso shi daga sukari da taimakon iskar oksijin. Idan kin ji an ce ƙwayoyin tsokar zuciya cike suke da maitokondiriya, ba sai kin haddace ba, kin san dalili: naman da ba ya hutawa dare da rana dole ya sha ƙarfi.

Sannan ki matsa wa malaminku ya fito da madubin nan daga kabad. Gani ya kori ji. Ki ɓaro siririn tantanin jar albasa, ki shimfiɗa a gilashi da ɗigon ruwa, za ki ga ƙwayoyin a jere kowace cike da launinta. Ki ɗiga ruwan gishiri mai kauri a gefe ki jira 'yan mintoci, sai ki ga launin ya tsuke ya janye daga bango. Ruwa ne ya fita, domin ruwa yana ratsa tantani daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Wannan ita ce osmosis ɗin da ake wahalar da ku da ma'anarta. Ki juya lamarin: jar ƙwayar jini in aka sa ta a tsurar ruwa, ruwan zai yi ta shiga har ta fashe, don ba ta da bango irin na tsiro da zai tare ta. Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa majiyyaci ta jijiya ake auna shi daidai, kashi 0.9 cikin ɗari, ya yi daidai da na jini. Ɗalibar da ta ga albasar nan da idonta ban taɓa ganin ta rikice a wannan babi ba.

TAMBAYA: Na zuba hatsi a gwangwani na rufe ruf, ban ga ƙwaro ko ɗaya ba. Bayan wata biyu na buɗe na tarar da ƙwari fal. Abokina ya ce hatsin ne ke rikiɗa ya zama ƙwaro in ya ji zafi. Haka ne? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, ka gaya wa abokinka ba shi kaɗai ba ne. Aristotle, masanin Girka na zamanin da, ma ya yarda cewa wasu ƙananan halittu daga laka da ruɓaɓɓen abu suke ɓullowa, kuma masana sun yi kusan shekara 2,000 a kan wannan ra'ayi. Amma ba haka ba ne. Ƙwarin suna ciki tun kafin ka rufe. Macen ƙwaron hatsi tana huda ƙwayar hatsin, ta saka ƙwai, ta toshe ramin da wani abu mai danƙo, ido ba ya gani. Wani lokaci tun a gona ake yin haka. Tsutsar ta ƙyanƙyashe a ciki, ta ci cikin, ta girma, bayan kamar wata guda in akwai ɗumi ta huda ta fito a matsayin ƙwaro. Zafin da abokinka ya lura da shi gaskiya ne, amma saurin girma kawai yake ƙara musu.

Yadda aka kashe wannan gardama ya fi amsar kanta amfani gare ka. A 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya sa nama a kwalabe: wasu ya bar su buɗe, wasu ya toshe, wasu ya rufe bakinsu da siririn ƙyalle mai shigar da iska. Tsutsa ta fito a naman da ke buɗe kaɗai, inda ƙuda ya samu sauka. Masu gardama suka ce to an ji na tsutsa, amma ƙananan halittun da ke lalata romo fa? Louis Pasteur na Faransa ya amsa musu a farkon shekarun 1860 da kwalba mai dogon wuya a lanƙwashe. Ya tafasa romo a ciki, iska na shiga, ƙura kuwa na maƙalewa a lanƙwasar. Romon ya zauna garau. Da ya karya wuyan, cikin 'yan kwanaki ya gurɓace.

Ka lura kowannensu ya ajiye abu biyu iri ɗaya ne, ya sauya abu guda tak a tsakaninsu. Kai ma ka yi haka. Raba hatsin gida biyu, ka sa kashi ɗaya a firiza mai daskarar da ruwa ya yi mako guda, ɗayan ka bar shi yadda yake, sannan ka rufe kowanne a nasa gwangwanin, ka ajiye su wuri ɗaya. In hatsi ne ke rikiɗa, duka biyun za su yi ƙwari. Ka rubuto mini abin da ka gani.

TAMBAYA: An ba mu alamomin abu mai rai: motsi, numfashi, ci, girma, haihuwa, fitar da ƙazanta da jin abin da ke kewaye. To ai wuta tana motsi, tana cin itace, tana bukatar iska, tana girma, tana fitar da hayaƙi, tartsatsinta ya haifi wata wutar. Me ya sa ba ta da rai? Na tambaya a aji aka yi mini dariya. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Waɗanda suka yi dariyar su ne ba su yi tunani ba. Tambayarka ta tona raunin wannan jeri, wanda ni kaina ba na son yadda ake karantar da shi kamar an sassaƙa a dutse. Alfadari ba ya haihuwa, domin ya gaji kuromosom (ƙunshin DNA da ke cibiyar ƙwaya) 63 daga godiya mai 64 da jaki mai 62, lissafin ba ya rabuwa daidai, amma wa zai ce alfadari ba shi da rai? Busasshen iri yana shekaru ba motsi ba girma, ya ji ruwa ya tsiro.

Abin da wuta ta rasa shi ne, da farko ba ta da ƙwayar halitta, ba tantanin da ya raba cikinta da waje. Ba ta kuma da gado. Kyanwa kyanwa take haifa, don ta miƙa wa 'ya'yanta umarni a rubuce cikin DNA. Wutar da tartsatsi ya tayar kuwa ba ta ɗauko komai daga uwarta ba, abin da ta samu ta ci shi ne ke yanke kamanninta: ta faɗa busasshiyar ciyawa ta yi wani iri, ta faɗa fetur ta yi wani. Sannan wuta ba ta daidaita kanta. Jikinka yana riƙe da zafinsa a wajen digiri 37 ko ana sanyi ko ana zafi. Ya hau ka yi gumi, ya sauka ka yi makyarkyata. Haka yake yi da sukarin jini da ruwa da gishiri. Wuta kuwa ci take har ta cinye abin da ke riƙe da ita ta mutu.

Inda masana suka rabu da gaske shi ne kan bairos. A 1892 Dmitri Ivanovsky na Rasha ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da matacin da ke tare bakteriya, ya ga ruwan da ya wuce har yanzu yana harbin lafiyayyen ganye. A 1898 Martinus Beijerinck na Holan ya maimaita, ya ce wannan wani sabon abu ne daban. Bairos yana da umarnin gado a naɗe cikin rigar furotin, amma ba shi da ribosom, ba ya ci, ba ya numfashi. Sai ya shiga ƙwayar wani ya sa ta buga masa kwafinsa. A jarrabawa ka rubuta cewa yana kan iyaka tsakanin mai rai da marar rai, za a ba ka maki.

Wannan bambanci yana da amfani a wajen aji. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, yana hana bakteriya gina bangonta ne, sai ta fashe. Ƙwayoyin jikin mutum ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin bai taɓa su. Bairos ma ba shi da shi. Saboda haka tarin fuka da kwalara da taifot, da yake bakteriya ke kawo su, ana yaƙarsu da magungunan kashe bakteriya, kowanne da nasa. Mura da ƙyanda da shan inna kuwa na bairos ne, mai shan irin waɗannan magunguna dominsu yana koya wa bakteriyar jikinsa jure magani ne kawai.

TAMBAYA: A firamare an ce mana bishiya daga ƙasa take cin abincinta ta saiwa. Yanzu kuma an ce ganye ne ke haɗa abinci. Wanne zan ɗauka? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wannan ita ce tambayar da na fi so a duk bayolojin shekarar farko, don kusan kowa, har manya masu digiri, in ka tsare su ka ce katakon ƙatuwar bishiya daga ina ya fito, ƙasa za su nuna maka. Ki tsaya ki yi tunani: in da daga ƙasa ne, da kowace babbar bishiya tana tsaye cikin rami daidai girmanta.

Jan Baptist van Helmont, wani likita daga yankin da yake Beljiyam a yau, ya gwada abin da sikeli, aka buga sakamakon a 1648 bayan rasuwarsa. Ya busar da ƙasa mai nauyin kimanin kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa reshen itacen wilo mai kilo 2 da ɗan kai, ya rufe bakin tukunyar don kada ƙura ta shiga, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kaɗai. Da ya tuge ya auna, itacen ya kai wajen kilo 77. Ya sake busar da ƙasar ya auna: abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Sai ya yanke cewa ruwa ne ya zama itace. Ya yi gaskiya cewa ba ƙasa ba ce, amma ya manta da abu guda da ke taɓa itacen dare da rana wanda bai ɗora a sikeli ba, wato iska.

Sauran labarin a hankali aka tsinto shi. A 1771 Joseph Priestley na Ingila ya kunna kyandir a rufaffen gilashi har ya mutu, ya sa reshen na'ana'a a ciki, bayan kwana goma ya ga kyandir na iya ci a wannan iskar kuma. Tsiron ya gyara abin da wutar ta ɓata. A 1779 Jan Ingenhousz ya nuna cewa wannan gyara sai da hasken rana yake yiwuwa, kuma koren sashen tsiro ne kaɗai ke yin sa.

Ga abin da ke faruwa. A bayan ganye akwai 'yan mitsi-mitsin ƙofofi da iskar kabon dayoksaid ke shiga ta cikinsu. Saiwa ta turo ruwa. Kulorofil, sinadarin da ya sa ganye ya zama kore, ya kama hasken rana, da ƙarfin hasken ake farfasa ruwan, a saki oksijin ɗinsa ya fita, a haɗa abin da ya rage da kabon na iska a samu sukarin gulukos. Lissafin shi ne kabon dayoksaid 6 da ruwa 6 su ba da gulukos 1 da oksijin 6. Daga wannan sukari tsiro ke ƙulla selulos na bangon ƙwayoyinsa, ya adana wani a matsayin sitaci. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma duk daga iska ya zo, iskar da kabon dayoksaid ɗin cikinta kimanin kashi 0.04 cikin ɗari ne kacal. Ni dai har yau in na tsaya gindin babbar bishiya na tuna wannan sai in ce ikon Allah.

Malamin firamarenku bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ƙasa tana ba da ruwa da ma'adinai: naitirojin na gina furotin, fosfaras, fotashiyam, da maganiziyam wanda ke zaune a tsakiyar kulorofil, shi ya sa tsiron da ya rasa shi ganyensa ke yin rawaya. Kina son ki ga yawan ma'adinan da idonki? Ki dubi tokar da ta rage bayan an ƙone babban gungume ƙurmus. Wannan 'yar tokar ita ce yawancin abin da ƙasa ta bayar, sauran ya koma iska inda ya fito.

Akwai gwajin da za ki iya yi. Ki ajiye tsiron tukunya a duhu kwana biyu ya cinye sitacin ganyensa, ki rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda sama da ƙasa, ki fitar da shi rana na wasu sa'o'i. Ki tsinke ganyen ki tsoma a tafasasshen ruwa, sannan ki sa shi a sifirit mai ɗumi ya cire koren. Sifirit yana kama wuta, don haka a cikin kwanon ruwan zafi ake ɗumama shi, nesa da harshen wuta, malami na tsaye. Ki ɗauraye ki ɗiga aidin. Inda rana ta taɓa zai yi baƙi-baƙi mai shuɗi, inda takarda ta rufe ya tsaya ruwan ƙasa.

Kuskure ɗaya da ke cinye makin ɗalibai a nan: su ce tsiro yana haɗa abinci da rana, ya yi numfashi da dare. A'a. Numfashi dare da rana yake yi, kamar ke, yana ƙona sukarinsa a maitokondiriya. Da rana dai oksijin ɗin da yake fitarwa ya fi wanda yake sha yawa. Masu tsoron kwana ɗaki ɗaya da tukunyar fure kuwa su kwantar da hankalinsu, mutum ɗaya da ke barci kusa da su ya fi ta shan oksijin nesa ba kusa ba. Kuma wannan hanya ce ƙiba ke bi in mutum ya rame: mafi yawan kitsen da ya ƙone ta huhu yake fita a matsayin kabon dayoksaid, ragowar ya zama ruwa.

TAMBAYA: Jemage tsuntsu ne ko dabba? Mun yi musu har mun gaji. Daga 'yan aji ɗaya su huɗu.

AMSA: A bayoloji tsuntsu ma dabba ne, haka kifi, haka ƙuda. Abin da kuke nufi shi ne ko jemage na cikin tsuntsaye ko cikin masu shayarwa, kuma amsar ita ce masu shayarwa. Gashi gare shi irin na jikin ɓera, ba irin na tsuntsu ba. Yana da haƙora. Haihuwa yake yi, uwar ta ba da nono. Fiffikensa fata ce da ta miƙe tsakanin dogayen ƙasusuwan yatsu, ƙasusuwan da kuke da irinsu a hannunku. Tashi sama ba shi ne ma'auni ba: jimina ba ta tashi amma tsuntsuwa ce, fara tana tashi amma ƙwaro ce. Jemagu sun haura iri 1,400, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukan ire-iren masu shayarwa.

Carl Linnaeus na Suwidin, wanda ya kafa tsarin ba kowace halitta suna mai kalma biyu, a bugun 1758 na littafinsa ya sa jemage cikin masu shayarwa, sai dai ya jera shi rukuni ɗaya da birai da mutum, daga baya aka raba su. Amfanin sunayen nan nasa shi ne suna gaya maka dangantaka: zaki Panthera leo ne, damisa Panthera pardus, kalmar farko ta nuna gida ɗaya suka fito. Wanda ya ce tsuntsu ne a cikinku ya faɗi musun.

TAMBAYA: Malam, ni ba ɗaliba ba ce. Ni da maigidana duka AS ne, ba mu sani ba sai da ɗanmu na fari ya zo da sikila. Wata ta ce mini tunda ɗaya cikin huɗu ne, ukun da za su biyo baya sun tsira. Gaskiya ne? Kuma an ce rukunin jininmu O ne duka, ko shi ya jawo? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya, ya ba ku juriyar kula da shi. Zan gaya miki gaskiya ko da ba ita kike son ji ba: abin da aka faɗa miki kuskure ne, kuma kuskure ne mai haɗari.

Bari in fara da sauƙaƙan. Rukunin jini na A, B, AB da O magana ce ta alamomin da ke bayan jar ƙwayar jini, ana duba shi ne don ƙarin jini. AA, AS da SS kuwa magana ce ta himogulobin, furotin ɗin da ke cikin ƙwayar yana ɗaukar oksijin. Ƙwayoyin gadonsu ma ba a kuromosom ɗaya suke ba. Kasancewarku O bai jawo komai ba.

Kowane mutum yana da kuromosom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba, don haka kusan kowace ƙwayar gado biyu gare shi. Ta himogulobin ɗin da muke magana tana kan kuromosom na 11. Nau'in S ya bambanta da A da harafi ɗaya tak na DNA, wanda ya sauya bulo na 6 cikin 146 na sarƙar furotin ɗin. Wannan ɗan sauyi ya isa ya sa himogulobin ya dunƙule in oksijin ya yi ƙasa, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon wajen 120. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini suke. Mai AS yana da A ɗin da ke rufa masa asiri, shi ya sa ku biyu kuke lafiya. Har ma Anthony Allison ya nuna a 1954, bayan bincike a gabashin Afirka, cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana dalilin yawan S a inda sauro ya yi yawa.

Lissafin gadon kuwa Gregor Mendel ne ya fito da shi, wani malamin coci a garin Brno na Jamhuriyar Cek ta yau, wanda ya yi daga 1856 zuwa 1863 yana auratayya tsakanin tsirran koren wake na fis. Ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Ya bar 'ya'yan suka hayayyafa a tsakaninsu, sai gajarta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan 3 da 1. Ya buga a 1866, ba wanda ya kula sai 1900. Ki lura da adadin. Sai da ya ƙirga fiye da tsiro 1,000 kafin kason ya fito fili, kuma ko a nan bai cika cif ba.

Kowane ciki, ke za ki ba da A ko S, maigida ma ya ba da A ko S, kamar a jefa kwandala biyu sama. Kwandala ba ta tuna yadda ta faɗi ɗazu. Saboda haka a kowane ciki, daga na fari har na goma, damar SS kashi 25 ce cikin ɗari, ta AS 50, ta AA 25. Akwai ma'aurata AS biyu masu 'ya'ya huɗu da ba SS ko ɗaya, kusan kashi 32 cikin ɗari na irinsu haka suke dacewa. Akwai kuma waɗanda biyu a jere suka zo da shi. Cikinki na gaba yana da damar da na farko ya samu, ba ragi ba ƙari.

Kada kuma ki bari a ɗora miki laifi ke kaɗai. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa ya karɓi S daga uba. Shawarar abin da za ku yi nan gaba taku ce ku biyu tare da likitan da ke duba yaron. Ku tambaye shi game da gwajin da ake yi wa jariri da zarar an haife shi, da wanda ake iya yi tun yana ciki, da alluran rigakafi da magungunan da ke rage yawan tashin ciwon. 'Yan'uwanku da ba su yi aure ba kuma su je a gwada su, su tabbata takardar ta nuna nau'in himogulobin ne, domin akwai nau'in C ma, kuma wanda ya haɗa S da C shi ma yana fama da wani nau'in sikila.